Kirsimeti a Cikin Gida: Ina Iyakar Biki, Ina Iyakar Ibada?

Wata 'yar'uwa, uwar 'ya'ya uku da ke zaune a Kaduna, ta aiko da tambaya game da rigimar da ke tashi a gidansu duk watan Disamba. 'Ya'yanta suna so a saya musu bishiyar Kirsimeti ta roba mai fitilu, a kuma kai su wurin Baba Kirsimeti su karɓi kyauta kamar yadda ake yi wa abokan karatunsu. Mijinta kuwa, Kirsimeti a wurinsa ita ce a tafi ƙauye, a yanka akuya, a fita dandali a yi rawar gargajiya. Uwar mijin, wadda ta yi shekaru masu yawa a Zumuntar Mata, ƙungiyar matan coci, tana ganin duk wannan abin duniya ne, ranar ta sujada ce kawai. Tambayarta ita ce: a cikin waɗannan al'adu wanne ne na Kirista, wanne ne na duniya, kuma yaya za ta haɗa kan gidanta ba tare da ta saɓa wa Allah ba?

'Yar'uwa, na gode da wannan tambaya, domin na daɗe ina jin irinta a aikin fasto da kuma a ajin da nake koyar da tarihin ikilisiya. Zan fara da abin da zai rage miki nauyi a zuciya, wato cewa Littafi Mai Tsarki bai umarce mu da yin bikin Kirsimeti ba, bai kuma hana ba. Matiyu da Luka ne suka ba da labarin haihuwar Yesu, kowannensu a surori biyu na farko, amma babu wanda ya ambaci rana ko wata. Markus da Yahaya ba su ba da labarin haihuwar ba sam. Shaida mafi daɗewa da ake da ita ta yin bikin ranar 25 ga Disamba ta fito ne daga birnin Roma a shekara ta 336, fiye da shekara ɗari uku bayan haihuwar Almasihu. Masana sun rabu a kan dalilin zaɓen ranar. Wasu suna cewa ikilisiya ta ɗauki lokacin da Romawa ke bikin allahn rana ne ta ba shi sabuwar ma'ana, wasu kuma suna cewa lissafi aka yi daga 25 ga Maris, ranar da aka ɗauka mala'ika ya yi wa Maryamu albishir, aka ƙirga wata tara. Har yau ma Kiristocin duniya ba su haɗu a kan rana ɗaya ba, domin ikilisiyar Habasha da Kibɗawan Masar suna yi ne ranar 7 ga Janairu, ikilisiyar Armeniya kuma 6 ga Janairu.

Abin da wannan ke nunawa shi ne, ita kanta ranar al'ada ce da ikilisiya ta kafa, kuma al'ada ce mai kyau. Saboda haka idan muka ce za mu ɗauki kayan bikin ɗaya bayan ɗaya muna tambayar asalin kowanne, mu riƙe wanda ya fito daga Littafi Mai Tsarki mu jefar da saura, za mu ƙare hannu wofi, domin ranar ma sai ta tafi tare da su. An taɓa gwada hakan. A Ingila, majalisar dokoki ƙarƙashin masu tsaurin ra'ayin addini da ake kira Furitan ta soke bikin Kirsimeti a 1647, a yankin Boston na Amurka kuma aka kafa doka a 1659 mai cin tarar duk wanda aka kama yana bikin. Hujjarsu ta yi kama da ta surukarki: babu shi a Nassi, kuma ya cika da maye da sharholiya. Mutane ne masu tsoron Allah, damuwarsu kuma ta gaskiya ce, amma dokar ba ta ɗore ba a ko'ina cikin wuraren biyu.

Manzo Bulus ya taɓo irin wannan saɓani a Romawa 14:5-6, inda ya nuna cewa wani yana girmama wata rana fiye da saura, wani kuma duk ranaku ɗaya ne a wurinsa, kowa ya tabbata a zuciyarsa, wanda yake kiyaye ranar kuma ya kiyaye ta domin Ubangiji. Akwai kuma wani abu a Yahaya 10:22 da ba a cika lura da shi ba: Yesu yana cikin Haikali a lokacin Idin Tsarkakewa, idin da babu shi a Shari'ar Musa, Yahudawa ne suka kafa shi daga baya don tunawa da sake keɓe Haikali. Ubangijinmu bai ƙaurace masa ba.

Nassin da na fi so iyalai su riƙe a wannan lokaci shi ne Nehemiya 8:10. Jama'ar Isra'ila sun taru, Ezra ya karanta musu Shari'a, suka fashe da kuka. Sai aka ce musu su daina kuka, su tafi su ci abinci mai maiƙo, su sha abin zaƙi, su kuma aika wa waɗanda ba su da komai rabonsu, gama ranar tsattsarka ce ga Ubangiji. Ki lura da yadda abubuwan suka jeru: an ji Maganar Allah, an ci an sha, an aika wa marasa shi, kuma dalilin cin da shan shi ne tsarkin ranar. A nan nake ganin surukarki ta ɗan yi nisa, cikin girmamawa nake faɗa. Shinkafa da miya da naman akuya da sabon ɗinki ba su rage wa ranar tsarki ba. A nan kuma nake ganin mijinki da 'ya'yanki suna bukatar tuni, domin a cikin nassin karatun ne ya zo da farko, aikawa da rabo kuma ba a bar shi ga wanda ya ga dama ba.

Bari in gaya miki abin da na tashi na gani, domin mu a arewa muna da Kirsimeti tamu tun kafin bishiyar roba ta iso kasuwanninmu. A unguwarmu magidanta sukan fara zuba kuɗin watanda tun bayan girbi. Ranar jajibere da asuba, cikin sanyin hunturu, ake kayar da saniya a bayan gari, a shimfiɗa zana a kasa naman kashi-kashi daidai da yawan waɗanda suka zuba, a tabbata kowane kashi ya sami tsoka da ƙashi da kayan ciki. Mahaifina ba ya yarda a yanka sai an kira wani malami maƙwabcinmu ya sa wuƙa, domin ya ce ba zai dafa abin da maƙwabcinsa ba zai iya ci ba. Washegari bayan an taso daga sujada, kafin mu zauna mu ci, mahaifiyata takan jera kwanonin sha da na tuwo a tsakar gida, ta zuba shinkafa da nama, ta ɗora cincin a murfi, ta riƙa kiran sunan gidaje tana ɗora mana a ka. Gidan tsohuwar da mijinta ya rasu shi ne na farko kullum, sannan gidajen Musulmi maƙwabta, waɗanda su ma da Sallah kwanoninsu ke shigowa gidanmu. Ban san Nehemiya 8:10 ba a lokacin, amma da na karanta shi daga baya na gane abin da nake ɗauka a kaina. Da za a tambaye ni ko wannan al'ada ta duniya ce ko ta Kirista, ba zan iya raba ta biyu ba. Watanda da kai wa maƙwabta abinci al'adun ƙasarmu ne da Musulmi da Kirista suka yi tarayya a kansu, iyayenmu kuma suka cika su da bangaskiyarsu.

Game da bishiya, asalinta ƙasar Jamus ne, inda aka san ta tun wajen ƙarni na 16, ta kuma bazu a Ingila bayan da wata jarida ta buga zanen Sarauniya Biktoriya da iyalinta kewaye da ita a 1848. Wasu suna kawo Irmiya 10:2-5 don su haramta ta, amma wanda ya karanta wurin har ƙarshe zai ga ana magana ne a kan itacen da masassaƙi ke sassaƙawa ya zama gunki, a yi masa ado da azurfa da zinariya a bauta masa. Ban taɓa ganin yaron da ya durƙusa wa bishiyar Kirsimeti ba. Ado ne kawai, kamar balan-balan da takardu masu launi da matasa ke rataya a coci. In kuna da hali ku saya, in babu ku sa yara su yanko reshe su ƙawata shi da hannunsu, wanda sau da yawa ya fi faranta musu rai.

Baba Kirsimeti ya fi bukatar tunani, saboda shi mutum ne da ake ba yara labarinsa. Tushensa wani bishop ne mai suna Nikolas da ya rayu a ƙarni na 4 a garin Mira, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, wanda ikilisiyoyi da dama ke tunawa da shi ranar 6 ga Disamba. Labarin da aka fi bayarwa a kansa shi ne na wani talaka mai 'ya'ya mata uku da ya rasa abin da zai aurar da su, sai Nikolas ya riƙa zuwa da dare yana jefa musu ƙunshin zinariya a ɓoye don kada a san shi ne. Duk uban da ya taɓa kwana yana tunanin kayan ɗakin 'yarsa zai fahimci girman wannan alheri. Mutanen Holan ne suka tafi da sunansa Amurka, can ya rikiɗe ya zama tsoho mai jar riga da farin gemu, tallace-tallacen kamfanin Coca-Cola daga 1931 kuma suka ƙara yaɗa wannan siffa a duniya. Shawarata ita ce ki bar yaran su je su ɗauki hoto su karɓi alewarsu, amma kada ki gaya musu ƙarya. Ki ce musu wani ne ya sa kaya yana kwaikwayon bawan Allah mai kyauta a ɓoye, kyautar da ke gida kuma babansu ne ya yi gumi ya saya. Dalilina shi ne, ke ce za ki gaya musu cewa budurwa ta haifi ɗa, mala'iku sun yi wa makiyaya magana, kuma kina so su gaskata wannan har tsufansu. Bai kamata bakin da ke faɗa musu wannan ya saba da faɗa musu abin da za su gano daga baya cewa ƙirƙira ne ba. Idan kika ba su labarin Nikolas na gaskiya, kina iya ɗora musu aiki a kai: kowane yaro ya zaɓi wani abu nasa mai kyau, a kai wa wani yaron ba tare da an faɗi daga inda ya fito ba.

Tafiya ƙauye kuwa ina goyon bayanta ƙwarai, matuƙar hanya da aljihu sun yarda. Yaran da aka haifa a Kaduna ko Abuja, waɗanda da yawansu Hausa da Turanci kaɗai suke ji, a wannan mako ne suke jin harshen kakanninsu, su san 'yan'uwansu, su ga gonar da ubansu ya yi noma. Rawa da kiɗa ba su da laifi a kansu, ai Zumuntar Mata ma da tulu da ganga suke yabon Allah, surukarki kuma ta fi ni sanin haka. Inda ake tsayawa shi ne inda rawar ta haɗu da tsafi ko hidimar dodanni, da kuma inda dandali ya koma wurin maye bayan faɗuwar rana. Ikilisiyoyinmu sun bambanta a kan shan giya, wasu sun hana gaba ɗaya, wasu sun yarda da kaɗan, amma babu wadda ta yarda da buguwa, Afisawa 5:18 kuma a fili take. Ku yi magana da maigidanki tun kafin ku tashi, ku yanke lokacin da yara za su koma gida da wanda zai riƙa lura da su, musamman 'yan mata da samari masu tasowa.

Yanzu bari in zo ga abin da ni nake kira abin duniya na ainihi a Kirsimetinmu, wanda ba ya cikin jerin da kika aiko, wato bashi da gasa. Kowace shekara a watan Janairu nakan ga iyaye a ofishina suna neman taimakon kuɗin makaranta, kuma in aka bi diddigi sai a tarar kuɗin ya tafi ne a anko kala biyu, da buhun shinkafar da aka ci bashi, da tafiyar da aka yi don kada a ce wane bai zo da mota ba. Karin Magana 22:7 ta ce mai cin bashi bawa ne ga mai ba da shi. Akwai wata yarinya a ikilisiyar da na taɓa riƙewa, ba ta wuce shekara goma ba, wadda aka ba ta matsayin mala'ika a wasan kwaikwayon Makarantar Lahadi, ta yi makonni tana haddace maganarta. Ranar Kirsimeti ba ta zo ba. Da na bi sawu da yamma, na same ta zaune a bayan ɗaki da tsohuwar rigarta, idanunta sun kumbura, ashe tela ne bai gama ɗinkinta ba, uwar kuma ta ce gara ta zauna a gida da a yi musu dariya. Wannan abu ya daɗe yana damuna, domin mu manya ne muka koya wa yarinyar cewa ba a zuwa gaban Yesu sai da sabon kaya, alhali shi a komin dabbobi aka kwantar da shi. Luka 2:24 ya nuna hadayar da Yusufu da Maryamu suka kai Haikali ta kurciyoyi biyu ce ko 'yan shila biyu, wadda Shari'a ta tanada wa macen da ba ta da halin kawo ɗan rago. Iyalin da muke bikin tunawa da su talakawa ne. Saboda haka ku zauna ke da maigidanki tun watan Nuwamba, ku fara ware kuɗin makaranta da na haya, ku ware baiko da rabon da za a aika wa marasa shi, abin da ya rage shi ne na biki, komai ƙanƙantarsa.

Akwai kuma waɗanda Disamba ke tayar musu da mikin zuciya. Har yanzu akwai iyalan da ke makokin waɗanda suka rasa a harin cocin Katolika na Madalla ranar Kirsimeti ta 2011, da hare-haren ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi a jajiberen Kirsimeti ta 2023, ban da waɗanda haɗarin mota ko rashin lafiya ya raba da nasu. Labarin haihuwar kansa bai ɓoye hawaye ba, domin a Matiyu sura ta 2 Hirudus ya sa an kashe yara maza a Baitalami, Yusufu kuma ya gudu da iyalinsa Masar cikin dare. Wannan ne ya sa nake hana yarana wasan nokawut, ko da ba a sa doka ba, saboda ƙararsa a garuruwan da suka san ƙarar bindiga tana tsinka zuciyar mutane. Ranar 26 ga Disamba hutu ce a Najeriya, a kalandar ikilisiya kuma ranar tunawa da Istifanas ce, ɗaya daga cikin mutum bakwai da aka zaɓa a Ayyukan Manzanni sura ta 6 don kula da rabon abinci ga matan da mazajensu suka rasu. Ban san ranar da ta fi ta dacewa a ɗauki yara a kai su gaida marayu da masu makoki da marasa lafiya ba.

Abin da zan roƙe ki ki kafa a gidanki, wanda ba ya motsi ko kuna Kaduna ko kuna ƙauye, ko akwai kuɗi ko babu, shi ne karatun labarin haihuwar a cikin gida. Iyalai da yawa sun bar wa coci wannan aiki gaba ɗaya, alhali Maimaitawar Shari'a 6:7 iyaye ta ɗora wa koyar da 'ya'ya, suna zaune a gida ko suna tafiya a hanya. Ikilisiyoyin Katolika da Angilika da Lutaran suna da Lahadi huɗu na shiri kafin Kirsimeti, kuma ko ikilisiyarku ba ta bin wannan tsari kuna iya aron hikimarsa. Kowane dare a ɗauki ɗan guntu: alkawarin Ishaya 9:6, annabcin Mika 5:2 game da Baitalami, albishirin mala'ika ga Maryamu, mafarkin Yusufu, makiyaya, sannan masanan da suka zo daga gabas da zinariya da lubban da mur. A rera waƙa ɗaya daga Littafin Waƙoƙi, yaro ɗaya ya yi addu'a. Minti goma ya isa. A safiyar ranar a karanta Luka 2:1-20 kafin a taɓa kyauta ko tukunya, a tafi sujada tare, a dawo a fitar da kwanonin maƙwabta, sannan a zauna a ci. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932, kakanninmu da yawa kuma a cikinsa suka koyi karatu, don haka in yaranki sun fi sabawa da Turanci, wannan dama ce su ji labarin da harshen da kakarsu ta fara jin sa.

Ita kakar tasu kuwa, kada ki tunkare ta da tarihin Roma da Jamus, domin ba rashin sani ne ke damunta ba, tsoro ne kada jikokinta su tashi sun san Baba Kirsimeti ba su san Almasihu ba, kuma wannan tsoro yana da tushe. Ki bar maigidanki ya fara yi mata magana, tunda ɗanta ne, sannan ki je da kanki ki durƙusa ki ce, "Mama, muna so ke ce za ki riƙa ba yara labarin haihuwar Yesu kowane dare, ki koya musu waƙoƙin da kuke yi a da." Ki ba ta kuma zaɓen gidajen da za a fara kai wa abinci, domin ta fi ku sanin wanda ke cikin rashi. A ganina idan ta ga jikokinta zaune a gabanta suna amsa mata waƙa, bishiyar da ke kusurwar falo ba za ta ƙara tsone mata ido kamar da ba. In kuwa duk da haka abin yana sosa mata rai, Romawa 14 ɗin da ta ba ku 'yanci ita ce kuma ta ce kada a sa wa ɗan'uwa abin tuntuɓe, sai ku mayar da bishiyar ɗakin yara, ko ku haƙura da ita a shekarar da Mama take tare da ku, ku kuma bayyana wa yaran cewa saboda girmama kakarsu aka yi haka.